Porsche 911: Me Ya Sa Injinta Yake Baya Har Yau, Kuma Ta Yanzu Ita Ce Ta Da?

Tambaya: Malam, kullum muna gardama da wani abokina a kan motar Porsche 911. Shi ya ce ainihin motar ta mutu tun 1998, lokacin da aka daina sanyaya injinta da iska, wai abin da ake sayarwa yanzu wata mota ce daban aka liƙa mata tsohon suna. Ya kuma ce sa inji a bayan tayoyin baya kuskure ne tun asali, taurin kai ne kawai ya hana kamfanin gyarawa. Na rasa amsar da zan ba shi. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, daga jin maganar abokinka na san mutum ne mai bin sha'anin mota, domin waɗannan abubuwa biyu su ne masana 911 suka fi jayayya a kansu. Na daɗe ina kwance injinan wannan mota ina ɗaurawa, na iska da na ruwa, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan batun. Maganarsa ta biyu ta fi ta farko ƙamshin gaskiya, don haka da ita zan fara.

Ɗauki guduma ka riƙe ta ta kai, ka wurga ta da ƙota a gaba. Kafin ta faɗi za ka ga ta juya, kan ya wuce gaba, saboda nauyi ba ya son a bar shi a baya. To 911 guduma ce da ake tuƙawa da ƙota a gaba. Injinta yana rataye ne bayan layin tayoyin baya, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya yake. A miƙaƙƙiyar hanya ba ka jin komai. Amma ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka, ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, nauyin motar sai ya zube gaba, tayoyin baya su saki kwalta, bayan motar ya nemi wuce gabanta. Abin da ya sa wannan ya zama haɗari shi ne, abin da hankalin kowane direba yake ba shi idan ya tsorata, wato sakin totur, shi ne daidai abin da tsohuwar 911 ba ta yafewa. Injiniyoyin kamfanin sun san da haka tun farko. Motocin farko tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,211 ce kacal, tayoyin kuma sirara. Har ta kai an riƙa cusa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 11 a kowane gefen bambar gaba, don gaban motar ya samu ya zauna. A 1968 aka ja tayoyin baya baya da milimita 57 ba tare da an matsar da injin ba, aka kuma raba batir gida biyu aka sa su a gaba. Wanda ya ga ana ɗora wa motar gudu ƙarfe don ta yi nauyi ya san akwai matsalar da ake fama da ita. A nan abokinka bai yi ƙarya ba.

Inda ya tsaya shi ne bai tambayi abin da aka samu a madadin wannan wahala ba. Nauyin nan da ke danne tayoyin baya shi yake sa motar ta kama ƙasa idan ka taka totur wajen fita daga kwana. Motar da injinta ke gaba tayoyinta na baya kan yi ta juyawa a banza, 911 kuwa sai ta durƙusa ta harba. Wajen birki ma haka: idan ka taka, nauyi yakan koma gaba a kowace mota, amma da yake wannan dama bayanta ya fi nauyi, sai aikin tsayawar ya rabu kusan daidai a kan tayoyi huɗu. Gaban da ba shi da inji yana sa sitiyari ya zama mara nauyi, yana gaya wa tafin hannunka duk abin da tayar gaba take takawa, shi ya sa motar ta yi shekara 25 ba ta bukaci sitiyari mai taimakon inji ba. Injin kansa a kwance yake, silinda uku na kallon dama uku na kallon hagu, gajere ne kuma yana ƙasa-ƙasa, ga shi ba ya jijjiga saboda fistin ɗin ɓangarorin biyu suna soke motsin juna. Sannan ga abin da mutane suka fi mantawa: da an sa injin a tsakiya, kamar yadda ake yi wa motocin tsere, da babu wurin ƙananan kujerun nan biyu na baya. Da su da but ɗin gaba ne suka sa 911 ta zama motar da mutum zai tafi aiki da ita ran Litinin, ya shiga filin tsere da ita ran Asabar. Wannan shi ne kasuwarta tun farko.

Tsarin gado ne. Ferdinand Porsche shi ya zana motar Volkswagen Beetle da injinta a baya mai sanyaya da iska. Ɗansa Ferry ya ɗauki wannan tunani ya gina 356 a 1948 a garin Gmünd na ƙasar Ostiriya. Abin lura, samfurin gwaji na farko na 356 injinsa a tsakiya yake, da aka zo ƙera ta sayarwa ne aka mayar da shi baya don a samu fili a ciki. Ka ga ke nan sun san hanyar tsakiya, da gangan suka bar ta. Magajiyar 356 ta bayyana a baje kolin motoci na Frankfurt a Satumbar 1963 da sunan 901. Ɗan Ferry, Ferdinand Alexander da ake kira Butzi, shi ya jagoranci zanen jikinta, Hans Mezger da Ferdinand Piëch kuma suna cikin waɗanda suka haɗa injin mai lita 2 da ƙarfin doki 130, wanda ke kai ta kusan kilomita 210 a awa. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, sai aka cire sifilin aka sa 1. Guda 82 aka riga aka ƙera da tsohon sunan kafin canjin. A 1964 ta shiga kasuwa daga masana'antar Zuffenhausen da ke Stuttgart, kuma har yau a can ake haɗa ta.

Idan tsarin kuskure ne tsantsa, filin tsere ne zai fara tona masa asiri, don agogo ba ya son kai. Vic Elford ya ci gasar Monte Carlo da 911 a 1968, Björn Waldegård ya maimaita a 1969 da 1970, a kan dusar ƙanƙara da kwanonin dutse, inda kama ƙasa ya fi ƙarfin inji amfani. A 1973 samfurin Carrera RSR ya ci tseren awa 24 na Daytona a Amurka da Targa Florio a tsibirin Sisili. A 1979 motar 935, wadda 911 ce aka yi wa ƙari, ta zo ta ɗaya a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa gaban motocin da aka ƙera don tsere kawai. A 1984 René Metge ya ci Paris zuwa Dakar da 911 mai jan ƙafa huɗu. Ban san wata mota ɗaya da ta yi nasara a ƙanƙara da kwalta da rairayin Sahara da tsari guda ba. A cikin motocin titi na wancan zamani wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Carrera RS mai lita 2.7 ta 1973, mai ƙarfin doki 210 da ɗan fiffiken baya da ake kira wutsiyar agwagwa. Fiffiken ba ado ba ne, siffar bayan motar tana sa iska ta ɗaga shi idan gudu ya yi yawa, shi kuma yana rage wannan ɗagawar. An shirya ƙera 500 don cika sharaɗin shiga gasa, masu saye suka yi ca, aka ƙare da 1,580.

Sai kuma 911 Turbo ta 1975, wadda ta ba motar mummunan sunan da har yau bai gama wankuwa ba. Turbo aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne: hayaƙin salansa ke juya wata fanka, ita kuma ta tura iska da ƙarfi cikin injin. Matsalar na wancan lokaci ita ce jinkiri. Ka taka totur, shiru, shiru, sai can ƙarfin doki 260 ya zo gaba ɗaya kamar an buɗe madatsar ruwa. Idan hakan ya same ka a tsakiyar kwana, ga nauyi a baya, ga ƙarfi ya zo ba sallama, ga hankalinka na cewa ka saki totur, to sai abin da Allah ya yi. Daga nan aka laƙaba mata sunan mai mayar da mata gwagware. Samfurin 1978 ya koma lita 3.3 da ƙarfin doki 300.

Yanzu ga abin da nake so ka kai wa abokinka, domin shi ne ya rushe zancen taurin kai. Kamfanin da kansa ya taɓa yarda da ra'ayinsa. A shekarun 1970 shugaban kamfanin, Ernst Fuhrmann, wanda shi ma gwanin injiniya ne, ya yanke cewa 911 ta kai ƙarshen tafiyarta. Dokokin hayaƙi da na ƙara suna ta tsananta, musamman a Amurka inda ita ce babbar kasuwarsu, kuma yana ganin inji mai iska a baya ba zai iya bin su ba. Sai aka ƙera 928, mai injin V8 a gaba, mai sanyaya da ruwa, nauyinta ya rabu daidai gaba da baya, duk abin da littafin injiniya ya ce a yi an yi mata. Ta fito a 1977, ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai ta 1978, kuma mota ce mai kyau ƙwarai, ban taɓa raina ta ba. An tsara a daina 911 a farkon shekarun 1980. Amma masu saye suka ƙi. Kowace shekara tsohuwar da aka yanke wa hukunci tana fin magajiyarta ciniki. A farkon 1981 aka naɗa Peter Schutz shugaba, haifaffen Berlin da ya tashi a Amurka. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, ya shiga ofishin shugaban sashen injiniyoyi, Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango, layin kowace mota ya miƙe zuwa shekaru masu zuwa, na 911 kuwa ya tsaya a 1981. Ya ɗauki alƙalami ya ja layin har ƙarshen takardar, ya wuce da shi kan bangon. An ci gaba da ƙera 928 har 1995 sannan aka rufe ta. Ita kuwa 911, wadda aka ƙera 928 don ta gaje ta, tana nan. Saboda haka ba za a ce ba su gwada gyaran da abokinka yake nema ba. Sun gwada da kuɗi mai yawa da gwanintarsu duka, masu biyan kuɗin suka nuna abin da suke so.

Daga nan aikin ya koma na lallashin nauyin baya, samfuri bayan samfuri. Samfurin 911 mai lamba 964 na 1989 ya zo da birki mai hana taya kullewa, da sitiyari mai taimako, da jan ƙafa huɗu ga mai so, aka kuma bar sandunan ƙarfen da ke murɗewa a madadin sifirin aka koma sifirin nannaɗaɗɗe. Babban tsalle kuwa a 993 aka yi shi, wadda ta fito a ƙarshen 1993. An sake tsarin ƙafafun baya gaba ɗaya, aka ba kowace taya hannuwa da yawa masu riƙe ta, ta yadda idan mota ta kwanta a kwana tayar baya takan ɗan karkata ciki da kanta ta tare zamewar. Duk wanda ya tuƙa 911 ta shekarun 1970 ya sauka ya hau 993 zai ji an ɗauke masa wani kaya daga wuya. Halin yana nan, mugun nufin ne aka cire. Ita ce ta ƙarshe mai sanyaya da iska, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutane da yawa suke ɗaukar ta a matsayin ƙololuwa. Ni ma idan aka ce in zaɓi ɗaya in ajiye, ita zan nuna.

To mu zo kan 1998 ɗin. Da farko, kalmar sanyaya da iska ba ta faɗi duka labarin ba. Waɗannan injina wani babban kaso na sanyinsu daga baƙin mai yake zuwa. Suna ɗaukar sama da lita 10 a tanki na daban, man yana zagayawa har gaban motar ya huce ya dawo, ga kuma babbar fankar nan da ke tsaye a kan injin tana hura iska a kan silinda. Ƙarar da masoyanta suke kewa haɗin kukan fankar ne da motsin ƙarfe da babu rigar ruwa da za ta danne shi. Ina son wannan ƙara. Amma ita kanta tana cikin abin da ya kashe injin, domin dokokin Turai sun rage yawan ƙarar da mota za ta yi idan tana wucewa. Babbar matsalar kuwa a kan silinda take. Don inji ya ƙara ƙarfi ya kuma rage hayaƙi, yana bukatar bawul huɗu a kowace silinda a maimakon biyu. Idan ka cusa huɗu, wurin da iska za ta bi ta kwashe zafi tsakanin bawul ɗin salansa ya ƙare. Injiniyoyin sun san haka shekara 20 kafin lokacin: motar tseren 935 ta 1978, wadda ake wa laƙabi da Moby Dick, da ruwa ake sanyaya kawunan silindarta, haka ma Porsche 959 ta tsakiyar shekarun 1980, wadda aka gina a kan tsarin 911, motar da masu son iska suke girmamawa fiye da kowace. Ruwa ya shigo gidan ne ta ƙofar tsere tun kafin ya iso titi. Ban ga yadda mutum zai yaba 959 sannan ya ce ruwa ne ya kashe 911 ba.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ya sa abin ya zama dole. A 1986 kamfanin ya sayar da motoci sama da 30,000 a Amurka, zuwa 1993 bai kai 4,000 ba. Yana bakin rami. Wendelin Wiedeking, wanda ya karɓi shugabanci a lokacin, ya kawo masana daga Japan da suka koyi aiki a tsarin Toyota suka sake fasalin masana'antar, aka kuma yanke shawarar ƙera motoci biyu da kaya iri ɗaya daga hanci zuwa kujerun gaba: Boxster mai rahusa a 1996, da sabuwar 911 mai lamba 996 a 1997. Wannan ita ce 911 ta farko da aka zana daga farar takarda tun 1963, injinta lita 3.4, ƙarfin doki 300, da lagireto a gaba. Ba zan ɓoye laifinta ba. Fitilunta na gaba, da aka yi wa laƙabi da soyayyen ƙwai, sun sa ba a bambanta ta da Boxster daga nesa, robobin cikinta ba su kai na 993 inganci ba, sannan sananne ne cewa a wasu injinan Carrera na wancan zamani boris ɗin wani sandan tsakiya da ke juya sarƙar bawul yakan lalace ya ja injin duka. Sai a 2008 aka fito da sabon injin da ba shi da wannan sanda sam. Duk da haka an sayar da 996 kusan 175,000, ita kuwa 993 ba ta kai 70,000 ba. Kuma a jikin 996 aka haifi GT3, wato 911 da aka tanada don masu shiga filin tsere, a 1999, da injin da ya samo asali daga motar da ta ci Le Mans a 1998. Yawancin direbobin da na sani masu shiga fili, idan ana maganar 911 mafi daɗin tuƙi, wata GT3 suke ambata, kuma duk GT3 mai ruwa ce.

Abin da ya biyo baya ba sai na daɗe a kai ba. A 2004 samfurin 997 ya dawo da zagayayyun fitilu, a 2008 giya mai kuloci biyu da suke kira PDK ta shigo. A 2011 samfurin 991 ya ƙara tazarar tayoyi da milimita 100 ya koma sitiyari mai lantarki, a 2015 aka sa wa ko ƙananan Carrera turbo. A Mayun 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya, koriya. Samfuri na takwas, 992, ya fito a ƙarshen 2018. Abu ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na 2013, lokacin da aka fito da GT3 babu giyar hannu. Masu saye suka yi ta ƙorafi, aka gwada su da 911 R a 2016, guda 991 kacal masu giyar hannu, aka yi wawason su, shekara ta gaba giyar hannu ta dawo GT3. Abin da ya faru a 1981 ne ya sake faruwa a ƙaramin sikeli.

To me ya rage daga 1963? Idan kusoshi da ƙarafa kake nema, babu ko ɗaya. Amma ka tsaya a gefenta ka bi layin rufin da ido, daga gilashin gaba yana gangarowa ba tsayawa har bamba, ka dubi siffar tagar gefe, ka dubi kafaɗun gaba biyu da suka fi murfin but tsayi, waɗanda direba ke gani daga kujerarsa yana auna kwana da su. Ka shiga ciki, wurin tayar da inji yana hagun sitiyari, ma'aunin juyin inji yana tsakiya a gaban idonka, ƙananan kujeru suna baya. Silinda shida a kwance, bayan tayoyi. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne yadda ake tuƙa ta. Har yau mai koyar da tuƙi a fili abu ɗaya zai gaya maka, ko 911 ta 1970 ka kawo ko ta bana: gama yawancin birkinka kafin kwana, shiga da ɗan sauran birki a ƙafa don hancin ya samu nauyin da zai ciji kwalta, yi haƙuri har ta juya, sannan ka taka totur da wuri fiye da yadda za ka yi a wata mota, ka bar bayan ya zauna ya tura ka. Ta yau tana da kwamfutar da za ta kama ka idan ka yi kuskure, da faffaɗan tayoyin baya, wasu ma tayoyin bayansu suna ɗan juyawa tare da sitiyari. Amma darasin bai canza ba, don gudumar tana nan. A wurina wannan ne ma'aunin ko mota ɗaya ce ko ba ita ba, kuma da wannan ma'auni ita ce. Kwatanta da Chevrolet Corvette ta Amurka, wadda ta girme ta da shekara 10: a samfurin 2020 an ɗauke injinta daga gaba an mayar tsakiya. Mota ce mai kyau, sai dai duk abin da hannunka ya koya a tsohuwar sai ka sake koyo.

Akwai inda nake tare da abokinka, sai dai ba a kan ruwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne girma. Ta farko faɗinta mita 1.61, nauyinta kilo 1,080. Ta yanzu faɗinta ya kai mita 1.85, nauyinta ya haura kilo 1,500. Dokokin kare rai a haɗari ne suka jawo wani ɓangare na wannan, kuma ba na jayayya da abin da ke ceton mutane. Amma tsohuwar tana yi maka magana tun kana kilomita 60 a awa, sitiyarin yana rawa a hannunka, kana jin kowane tsakuwa. Sabuwar ƙwarewarta ta yi yawa har sai ka kai gudun da doka ba ta yarda da shi a titi ba kafin ta fara nuna halinta. Wannan rashi ne na gaske, kuma duk wanda ya ce babu shi bai tuƙa tsohuwar ba. Haka nan zan ba shi wata hujja da zai so: a 2017, a motar tseren 911 RSR, kamfanin ya matsar da injin gaban layin tayoyin baya, don ya samu wurin sa babban mazurarin iska a ƙarƙashin bayan motar. Idan burin kawai shi ne cin agogo a ƙarƙashin dokokin wannan gasa, tsakiya ta fi. Motar titi kuwa ba agogo kaɗai take yi wa aiki ba, shi ya sa aka bar ta yadda take.

Gardamar da kuke yi ma za ta sake sabuwa, domin a 2024 aka fito da Carrera GTS mai haɗin lantarki. Injinta lita 3.6 ne, an sa ƙaramin injin lantarki a cikin turbon don ya juya shi tun kafin hayaƙi ya iso, wato maganin jinkirin nan da ya addabi ta 1975, an sa wani a cikin giya, jimillar ƙarfin doki 541. Batirin ƙarami ne, ba a jona shi a soket, ba ya tafiyar da motar shi kaɗai, kuma duk tsarin ya ƙara mata kusan kilo 50 ne. Ka tambayi abokinka a ina yake tsammanin suka ajiye batirin. A gaba suka sa shi, ƙarƙashin murfin but, kusa da inda aka riƙa cusa dunƙulen ƙarfen nan a shekarun 1960.